Jakin da Ya Bar Mini Amana

Asabar, ƙarfe goma na safe

Ranar Talata ina shafi na tamanin da ɗaya na wani littafin soyayya da na karɓo haya, daidai inda yarinyar ta gano cewa direban gidansu shi ne mai kamfanin, aka buga ƙofa. Na ji haushi. Na sa yatsa a tsakiyar littafin na je na buɗe da shi a hannu, da niyyar in sallami ko wane ne in dawo. Dogo ne, abokin aikin maigidana a shagon walda. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Amarya, ɗauko mayafinki." Watanmu bakwai da aure, har yanzu Amarya suke ce mini a shagon.

Faifan injin yankan ƙarfe ne ya fashe. Iyakar abin da zan rubuta ke nan. An yi wa maigidana aiki a ido biyun, an naɗe su da bandeji, likita ya ce sai Litinin ta uku daga yau za a kwance a gani.

Ranar Laraba da ya farfaɗo sosai na zauna a bakin gadon ina jiran maganar da zai fara yi mini. A littattafai na san abin da ake faɗa a irin wannan wuri. Shi kuwa ya laluba ya kama hannuna, ya ce, "Malama, wayata tana wurinki?" Malama yake ce mini saboda karatun da ba na ajiyewa.

Akwai wani wasa a wayarsa. Mutum yana yawo a gari da ƙafarsa, wasu halittu na zane suna ɓullowa a fuskar wayar, ya kama, ya yi kiwonsu, wani lokaci a haɗa su faɗa da na wasu. Yana da sama da ɗari biyu, masu fukafuki, masu ƙaho, masu aman wuta. Amma wanda ya zaɓa ya riƙa bin sa a fuskar wayar wani ɗan jaki ne mai launin toka, gajere, kunnen hagu a kwance, in an shafa kansa ya yi atishawa tartsatsi ya fito. Ɗan Toka ya sa masa. Ba ya cin faɗa, ba ya gudu. Na sha yi masa dariya a kansa.

Ya ce in riƙa ba shi abinci sau ɗaya a rana, in riƙa fita da wayar don tafiyar tana ƙirguwa. Sai ya matse hannuna. "Wani lokaci zai yi haske, maɓalli biyu su fito, ja da kore. Ki danna ja. Kullum ja. Kin ji?"

Na ce na ji.

Ranar Alhamis hannuna ya zame kan kore.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na sake buɗewa ko zan tarar ya koma yadda yake. Yana nan. Ƙato, baƙi, ƙirjinsa kamar an yi masa sulke da farantin ƙarfe, idanu jawur, kunnuwa biyu a miƙe kamar mashi. Ya cika fuskar wayar har ba a ganin ƙafafunsa na baya. Sunan ne kawai bai canza ba a saman kansa. Na shafa kansa, ya yi wani gurnani da ya sa na kifa wayar a kan katifa.

Ya yi kyau, wannan gaskiya ce. Ya yi kyau ƙwarai.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Mun raba zaman jinya da Inna, mahaifiyarsa. Ita safe, ni daga azahar zuwa lokacin da nas za ta kore mu. Ɗakin gado shida ne, nasa na jikin taga. Ya ce ɓarna ce a ba shi taga, a ba tsohon da ke kusa da ƙofa. Tsohon ya ce shi ma ai ba gani yake ba. Suka yi ta dariya su biyu, ni na kasa.

Ina ba shi shayi da cokali, ya ce, "Ya Ɗan Toka?"

Na ce lafiya lau.

"Ya ci?"

"Ya ci."

"Kunnen nan yana nan a kwance?"

Na ce yana nan a kwance, har ya fi da kwanciya, ina jin kewarka yake yi. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ta fito sumul kamar na karanta ta a wani wuri. Ya yi murmushi, bandejin ya ɗan motsa a kumatunsa.

Inna tana naɗe tabarmarta za ta tafi, ta ce, "Wai wane ne wannan da ake tambayar cinsa kullum? Ni da na haife ka ba ka tambayi ko na karya ba."

Ya ce, "Inna, ke ai kina da baki."

A mota na zauna kusa da taga, ban ga komai ba har na wuce inda zan sauka.

Litinin, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na je shago wurin Dogo, don shi ma yana wasan. Ban taɓa shiga ciki ba sai yau. Ƙofofin ƙarfe jingine a bango, ƙasa duk baƙar ƙura, tabarau na walda rataye a ƙusa. An lulluɓe wani inji da buhu a kusurwa. Ban tambaya ba.

Na miƙa masa wayar. Ya goge hannu a wando ya karɓa yana cewa, "Amarya an zama 'yar wasa ke nan," sai maganar ta tsaya. Ya daɗe yana kallo.

"Ke kika danna?"

Na ce hannuna ne ya zame. Na ce ya nuna mini inda ake mayar da shi.

"Ba a mayarwa."

"Ko a rubuta wa masu wasan?"

"Amarya, kin taɓa ganin an mayar da zakara cikin ƙwai?"

Ya danna wani wuri, wani kati ya fito mai ƙananan rubutu: nauyi, tsawo, ranar da aka kama, da sunan wanda ya kama. Sunan ba na maigidana ba ne. An rubuta Sarkin Barci. Na ce wane ne Sarkin Barci. Dogo ya miƙo mini wayar ya ɗauki wani guntun ƙarfe yana juyawa. Ya ce wannan ba a bakinsa zan ji ba.

Na tambaye shi ko ana samun irin ƙaramin. Ya ce ana samu, amma da wuya, kuma da sassafe, kuma sai wurin da ake ƙona abu. Bayan gidan burodi, wurin masu gawayi, inda ake ƙona shara. "Jaki dai ba ya wuce toka, ko na cikin waya ne." Duk kamarsu ɗaya, in ji shi, har kunnen. Katin ne kawai zai bambanta.

Har na kai ƙofa ya ce, "Me za ki yi da shi in kin kama?"

Na ce ban sani ba.

"Kin sani mana."

Talata, ƙarfe takwas na safe

Bayan gidan burodi, awa ɗaya da rabi. Ɓeraye uku masu wutsiyar wuta da wani abu mai kama da tukunya. Babu jaki.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Yau wurin masu gawayi, daga nan na bi ta bayan kasuwa har gadar jirgin ƙasa, na dawo ta gidan burodi. Ban san garin nan yana da lunguna haka ba. Wata bakwai ina cikinsa, abin da na sani ɗakinmu, shagon mai hayar littattafai, da hanyar da ke tsakaninsu.

Mai gidan burodin ya gan ni jiya, ya sake ganina yau tsaye kusa da tulin tokarsa ina juya waya sama da ƙasa. Ya leƙo da fulawa har gira, ya ce, "'Yata, in sabis kike nema, a bakin titi yake. Nan sai zafi." Na ce wani abu nake jira. Ya ce, "To Allah ya kawo shi, in mai hankali ne ba zai sa ki jira a nan ba." Ya ba ni burodi ɗaya mai zafi, ban iya ƙi ba. Na ci a tsaye kamar marar gida.

Ƙaton yana bina a fuskar wayar duk inda na je. Ƙasa tana girgiza a zanen in ya taka. Ina ba shi abinci, tunda an ce in ba shi.

Ƙafafuna sun yi kanta. Ba na iya zama. In na zauna sai in ji kamar na bar wani abu a kan wuta.

Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma

Ban yi tunanin wannan ba. Duk lissafina a kan ido yake.

Yau yana cikin raha. Ya ce nas mai takalmi mai ƙara ta fi mai turare saurin hannu, ya fara gane mutane da tafiyarsu. Ya ce tawa tafiyar ta canza, ina jan ƙafar dama. Na ce takalmi ne. Sai ya ce, "Malama, kawo shi nan kusa da kunnena ki shafa kansa. Atishawar nan nake so in ji."

Na buɗe jaka na rufe. Na ce caji ya ƙare.

"Ba ki sa ba da safe?"

"An ɗauke wuta."

"To gobe."

Na ce gobe. Tsohon kusa da ƙofa ya ce shi zai iya yi masa atishawa kyauta in ita ce matsalar.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Na ce masa na manta wayar a gida. Ya juya fuskarsa wajen tagar da ba ya gani.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Babu jaki. Littafin yana kan akwati inda na ajiye shi, a kife. Mai haya ya aiko a tambaya ko na gama. Ban san ko yarinyar ta yafe wa direban ba, kuma abin mamaki ban damu ba.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Inna ta biyo ni har bakin famfon asibiti inda nake wanke kofuna. Ta tsaya tana kallon hannuna, ta ce in ƙara dauraye na biyun.

"Maƙwabciyarku ta ce kullum da sassafe kina fita."

Na ce eh.

"Da wayar ɗana a hannu. Har bayan kasuwa an gan ki."

Na ce shi ya ce in riƙa fita da ita.

"Shi ya ce ki je ki tsaya a bayan gidan burodi?"

In ce mata jaki nake nema? Na ce, "Inna, wallahi ba abin da kike tunani ba ne."

"Ni ban ce ina tunanin komai ba. Ke kika ce." Ta karɓi kofin ta duba a haske. "Ni ma da mahaifinsu ya kwanta, na share tsakar gida sau shida a rana ɗaya har maƙwabta suka zo kallo. Kowa da irin haukarsa. Amma taki ta fita waje, mutane kuma suna da baki. Ki ci abinci. Kin zama kamar sandar rake da aka tsotse."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yau ma bai tambayi atishawar ba. Ya tambayi ko ya ci, na ce ya ci. Shi ke nan.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Likita ya kira ni da Inna zuwa baranda. Ya yi magana a hankali, yana nuna idonsa na dama, sannan na hagu, sannan ya karkata tafin hannunsa haka da haka. Ƙasan barandar tayil ne fari da ruwan ƙasa, akwai guda ɗaya da ya tsage an cike shi da siminti. Daga inda muka tsaya zuwa ƙofar ɗakin guda ashirin da uku ne. Inna ta ce Allah ya sa mu ji alheri. Ni na ce na gode, kamar an ba ni wani abu.

Saura mako ɗaya.

Talata, ƙarfe takwas na safe

Babu.

Laraba, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na kama shi.

Ba a gidan burodi ba, ba a wurin gawayi ba. A kan hanyata ta dawowa, a bakin layinmu, inda mai shayi yake zubar da tokar murhunsa. Wayar ta yi rawa a hannuna, na duba, ga shi tsaye a kan tokar yana kallona da kunne a kwance. Na jefa masa igiyar da ake kamu da ita a wasan, ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Mai shayi ya ce, "Hajiya, lafiya?" Ta uku ta kama.

Na zauna a kan bencin mai shayi ban nemi izini ba. Na sa masa suna Ɗan Toka, wasan bai hana ba. Na cire ƙaton daga bina na mayar da shi can ƙasan jerin, bayan ɓeraye, na sa ƙaramin a wurinsa. Na shafa kansa. Atishawa, tartsatsi. Na shafa har sau goma.

Na duba katin sau ɗaya. Ranar yau ce a jiki, da sunan maigidana a matsayin wanda ya kama, tunda wayarsa ce. Rubutun ƙanana ne sosai, ni ma sai da na kawo wayar kusa da fuska.

Na dawo gida na share ɗaki, na wanke labule, na dafa shinkafa na cinye. Rabon da in ji yunwa har na manta.

Alhamis, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na jira Inna ta tafi. Na ce, "Ga baƙonka na kawo." Na sa wayar a kan matashi kusa da kunnensa na shafa.

Ya ƙara matso da kunnensa. Ya ce in sake. Na sake. Sai na ga ƙasan bandejin yana jiƙewa. Nas mai takalmi ta zo wucewa ta ce, "Me kika faɗa masa? An ce kada ya yi kuka, kada ya yi tari, ke kin zo da naki." Ya ce mata dariya ce ta yi masa yawa. Ta ce to a rage.

Da ta wuce ya ce, "Na ɗauka wani abu ya same shi kina ɓoye mini."

Na ce me zai same shi.

"Ban taɓa ba ki labarinsa ba ko?"

Na san Yayansu ya rasu shekara uku kafin aurenmu. Hotonsa yana ɗakin Inna, mai faɗin fuska, yana dariya da ido a rufe. Ban san shi ya koya masa wasan ba. Ban san shi ne Sarkin Barci ba, wai tun suna yara sai an yayyafa masa ruwa yake tashi makaranta. Ya yi wata biyar a kwance a wani asibiti, ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Tagarsa tana kallon inda suke ƙona shara. Wata safiya jakin ya ɓullo masa yana kwance, ya kama.

"Ya turo mini shi. Ya ce, riƙe mini wannan malalacin, ka yi ta yawo da shi, amma kada ka girmar da shi. In na tashi ni zan girmar da shi da ƙafata."

Ya ɗan yi dariya.

"Duk bayan kwana goma sai ya yi haske ya tambaye ni. Ni kuma in ce masa, jira mai kai. Shekara uku da wani abu ke nan. Na san wauta ce."

Na ce ba wauta ba ce.

"Inna ba ta sani ba. Kada ki faɗa mata. Ko ta ce na haukace ko ta yi kuka, ban san wanda ya fi ba." Ya laluba ya sami hannuna. "Ke kaɗai na iya ba wa. Dogo da tuni ya kai shi faɗa an karya masa ƙafa."

Na zauna da hannuna a cikin nasa har aka kore mu. Ɗan jakin yana tsaye a kan matashi yana kaɗa wutsiya, jakin mai shayi, wanda bai san kowa ba.

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na koma farkon littafin nan da nake rubutu a ciki na karanta abin da na rubuta. Akwai ƙarya a shafi na biyu, kuma babu mai karantawa sai ni.

Hannuna bai zame ba.

Ina zaune a nan bakin gado ranar Alhamis ɗin, na dawo daga asibiti, ɗakin ya yi mini faɗi. Wayar ta yi haske, wani zinariya-zinariya yana zagaye jakin, ƙaramin kiɗa yana tashi. A bayan maɓallin kore ana nuna inuwar abin da zai zama. Na daɗe ina kallon inuwar. Na ce a raina, mutumin nan kullum haka yake, riga ɗaya, hanya ɗaya, shayi ɗaya, ko abin wasa ma yana tsoron ya girma. Na hango ranar da za a kwance masa ido, in miƙa masa wayar, ya ga ɗan jakinsa da kowa yake rainawa ya zama abin da ake tsoro. Na hango fuskarsa. Har abin da zai ce na tsara masa, da abin da zan mayar. Na ji muryarsa tana cewa kullum ja, na ce ai bai san daɗin abin ba ne sai ya gani.

Na danna kore da babban yatsa, a tsakiya, ina murmushi.

Wata bakwai ina jira ya zama wani daga cikin mutanen littattafaina. Ban taɓa tambayarsa me ya sa ja ba. Tambaya ɗaya ce, kalma huɗu.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Ya sa na shafa masa sau uku yau. Tsohon kusa da ƙofa ya ce a sa wa jakin nan hula, sanyi yake ji.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Ban fita ba. Babu abin nema, amma ƙafafuna suna so su tafi. Na zagaya ɗakin, na gyara takalmansa a bakin ƙofa, na sake gyarawa.

Na gangara ƙasan jerin na buɗe ƙaton. Kwana uku ban ba shi abinci ba. Na ba shi. Na buɗe katinsa: Sarkin Barci, da ranar, da komai. Shi ne dai. Wanda Yaya ya kama daga kan gado shi ne wannan mai jajayen idanu da na tura bayan ɓeraye.

Asabar, ƙarfe bakwai na yamma

Zan rubuta wannan sau ɗaya.

Ina wanke kofinsa a famfon asibiti, ina lissafin jibi. Na ce in ya karɓi wayar zai ga kunne a kwance, zai ji atishawa, ba lallai ya buɗe kati ba. In ya buɗe fa? Sai wani abu a cikina ya amsa, a natse, kamar mai ba da shawara: ai likita ya ce ko an dace, ƙananan rubutu sai a hankali, wataƙila ma ba zai sake karanta su ba.

Na ji sanyi a raina. Na numfashi ɗaya ne, amma na ji shi.

Ruwa yana ta zuba a kan kofin har wata mata ta ce, "Baiwar Allah, in kin gama mu ma muna da marasa lafiya." Na koma ɗakin na tsaya a bakin ƙofa. Ya juyo da fuskarsa ya ce, "Malama ce. Kin daina jan ƙafar." Na ce zan je in dawo. Na fita na zauna a matakala har lokacin tashi ya yi, Inna ce ta dawo ta ba shi abincin yamma.

Kwana goma sha tara ina roƙon Allah ya buɗe masa ido. Ban san akwai wani lungu a cikina da yake roƙon wani abu dabam ba.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Na kira Dogo na tambaye shi yadda ake sakin halitta in mutum ba ya so. Ya ce akwai wuri a ƙasan kati, za a tambaye ki sau biyu. Sannan ya ce, "Wanne za ki saki?"

Na ce ƙaramin.

"Zai yi fushi fa. Ban taɓa ganin fushinsa ba, shi ya sa nake tsoronsa."

Na ce na sani.

"Ki bari sai an kwance mana. In abin ya yi kyau, farin ciki zai rufe. In bai yi ba, to, me za a ƙara masa?"

Na ce shi ya sa ba zan bari ba. In na jira, idonsa ne zai zaɓa mini, kuma zan tsaya a gefen gadon nan gobe ban san abin da nake fata ba. Dogo ya ce shi dai walda ya iya, ya kashe.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Na saki ƙaramin. Na mayar da ƙaton wurinsa, na ba shi abinci, na sa wayar a caji.

Likita zai zo ƙarfe tara. Na gaya wa Inna ni zan yi safe gobe. Zan isa ƙarfe bakwai, in sa masa wayar a kunne in shafa, in faɗa masa ni na danna kore, kuma da gangan.